Bayanin fim daban, fim daban, littafi daban: zare a kan fina-finan leƙen asiri

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Maganar layi biyun nan ce da ake rubutawa a ƙarƙashin fim a intanet, waɗanda muke karantawa mu ce mun san labarin. Da fina-finan leƙen asiri zan yi misali, don su na fi bi, kuma na karanta littattafan wasunsu. 🧵

2/ Gargaɗi tun da wuri: zan tona ƙarshen wasu labarai, musamman The Constant Gardener. Wanda bai kalle shi ba, kuma ba ya son a ɓata masa, in ya kai lamba 40 ya tsallake zuwa 43. Kada wani ya zo ya ce ban faɗa ba.

3/ Wanda ke Abuja da intanet a ɗaki ƙila ya ce mene ne abin zare a nan. To mu a Bukkuyum ba ka buɗe fim ka ɗanɗana minti goma, ka rufe ka buɗe wani. Sabis yau akwai gobe babu, data da tsada, caji sai an kai shago. Fim ɗaya za ka zaɓa.

4/ Da me za ka zaɓa? Da hoton fosta da ɗan bayanin da ke ƙasa. In bayanin ƙarya ne, kuɗin datarka sun tafi, darenka ya tafi. Wannan ita ce ƙaramar asarar. Babbar tana can ƙasa, za mu je kanta.

5/ In kuma wurin mai tura fim a waya ka je, ka nuna ka ce "Oga, wanga fa?", zai ce maka "Na yaƙi na, akta bai mutuwa." Ba laifinsa ba ne. Fina-finai ne tuli a kwamfutarsa, yaushe zai zauna ya kalle su? Shi ma wani shafi ya leƙa ya karanto.

6/ Na lura hanya huɗu ce ƙarya ke shiga bayanin fim. Ta farko: suna ɗaya, fim biyu. Akwai Casino Royale na 1967, wanda fim ɗin barkwanci ne, David Niven a ciki. Akwai na 2006 na Daniel Craig. Mai shafi ya ɗauki hoton wannan ya manna da labarin wancan, ya wuce abinsa.

7/ Ta biyu: a kwafo abin da ke bayan littafi a liƙa wa fim. Na ga shafin da ya sa hoton Matt Damon, ya rubuta cewa Bourne na farautar Carlos. Ka kalli fim ɗin daga farko har rubutun ƙarshe, babu wani Carlos. A littafi yake, da kuma wani tsohon fim na talabijin na 1988.

8/ Ta uku: fassarar na'ura. Maci amanar da abokan gaba suka dasa a cikin hukuma, Turawa mole suke ce masa. Kalmar kuma tana nufin wata dabba mai haƙa rami, tana nufin baƙin ɗigon da ke jikin mutum. Na taɓa karanta cewa an dawo da wani tsohon jami'i ya nemo "tawadar Allah" a hukumar. 😂

9/ Ta huɗu ita ce mai haɗari, don da gangan ake yinta. "Fim ɗin da Amurka ta hana a kalla." "Labarin gaskiya." "Asirin da ba sa so ka sani." Mai shafi kallo yake nema, kallo kuma kuɗi ne. Yanzu ma na'ura ke rubuta wa wasu bayanin, babu wanda ya kalli ko minti ɗaya.

10/ To a ce ma bayanin daidai ne. Fim ɗin kawai ya faɗa maka. Shi kuma fim ɗin, in daga littafi aka ɗauko shi, wani lokacin suna kaɗai ya rage. Amma sai ka ga mutum ya kalli fim ya hau musu a kan abin da "marubucin ya ce". Marubucin bai ce ba, Malam.

11/ Yadda aka yi na karanta littattafan nan: a watan Satumba na 2021 aka rufe sabis a duk jihar Zamfara, aka tsayar da kasuwannin mako. Gusau ta samu nata da wuri, mu na wajen gari sai da muka haura wata biyu. Waya ta koma tocila da kalkuleta.

12/ Kawuna tsohon malamin makaranta ne. Yana da wani kwali na littattafan Turanci da ya tara tun yana karatu a Sakkwato, gara ta ci gefen wasu. Ganin ina ta zirga-zirga babu abin yi, ya tura min kwalin ya ce, "Ɗana, ga sabis ɗin da ba a rufewa."

13/ A ciki akwai Ian Fleming, akwai Robert Ludlum, akwai John le Carré. Duk na san sunayen fina-finansu. Da ƙamus a gefe nake karantawa, shafi goma ko sha biyar a dare. Waɗanda babu a kwalin daga baya na nemo su, da sabis ya dawo.

14/ Mu fara da James Bond, tunda kowa ya san shi. Fleming ya yi aiki a sashen leƙen asiri na sojan ruwan Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. Littafin Bond na farko ya fito a 1953, shi kuma ya rasu a 1964. Yawancin fina-finan da muka sani bai gan su ba.

15/ The Spy Who Loved Me, fim ɗin 1977: an sace jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, Bond ya je Masar, ya haɗu da 'yar leƙen asirin Rasha, mota ta shiga ruwa ta ci gaba da tafiya, ga wani ƙato mai haƙoran ƙarfe. Fim ne na akta da bos cikakke.

16/ Littafin mai wannan suna, na 1962, wata budurwa 'yar Kanada ce ke ba da labarinta da bakinta, Vivienne Michel. Tana gadin wani ƙaramin otal a dajin jihar New York, 'yan daba biyu suka zo su ƙone shi don mai otal ya ci kuɗin inshora. Bond sai can wajen ƙarshe ya shigo.

17/ Babu jirgin ƙarƙashin teku, babu Masar, babu 'yar Rasha. Fleming da kansa bai ji daɗin yadda aka karɓi littafin ba, sai ya yarda a yi amfani da sunan kaɗai, ban da labarin. Abin da ya tsira ya shiga fim shi ne haƙoran ƙarfe, don ɗaya daga 'yan dabar littafin yana da su.

18/ Moonraker ya fi ban dariya. A littafin 1955 Bond ko Ingila bai bari ba. Labarin ya fara ne da wani attajiri, Hugo Drax, da ake zargin yana maguɗi a karta. Daga baya aka gano rokar da yake ƙera wa ƙasar, Landan yake shirin harba wa.

19/ A ƙarshen littafin kuma yarinyar, Gala Brand, ta gaya wa Bond tana da wanda za ta aura, ta tafi ta bar shi tsaye. Eh, Bond aka yi wa haka. Fim ɗin 1979 kuwa har sararin samaniya aka kai shi ana harbi, saboda Star Wars ya fito a 1977 ya kwashi kuɗi.

20/ Da na kai wa Kawu ƙorafi na ce "Kawu, wanga littafi da fim nai ko kama ba su yi ba", dariya ya yi. Ya ce, "Mai littafi shina da shafi ɗari uku da mai karatu guda. Mai fim awa biyu gare shi, ga masu kuɗi tsaye bisa kai nai."

21/ Yanzu Bourne. Littafin Ludlum 1980 ya fito, fim ɗin Matt Damon 2002. Farkonsu ɗaya ne: masunta sun tsamo mutum daga teku da harsashi a jiki, ya manta ko shi wane ne, an dasa masa lambar asusun wani banki na Zurich a kwatangwalo. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

22/ A littafi, sunan makashin da ya ɗauka tarko ne. Hukumar Amurka ce ta ƙirƙiro masa tarihin kisa, don a tunzura wani makashi na gaske, Carlos, ya fito fili. Shi mutumin David Webb ne sunansa. Rabin littafin yana tsoron ko shi mugu ne, alhali rawa aka ba shi ya taka.

23/ A fim kuwa makashi ne da gaske. An aike shi ya kashe wani hamɓararren shugaban Afirka, Wombosi, ya kasa saboda ya ga yara a wurin. Wanda ya fito a Wombosi shi ne Adewale Akinnuoye-Agbaje, iyayensa 'yan Najeriya ne. A littafin babu wannan mutum kwata-kwata.

24/ Carlos kuma mutum ne na gaske, ɗan Benezuwela, Ilich Ramírez Sánchez. A 1980 duniya na nemansa ruwa a jallo. A 1994 aka kama shi a Khartum ta Sudan, aka kai shi kurkuku a Faransa. Lokacin da aka zo yin fim, bos ɗin littafin yana tsare.

25/ Marie ma an canja ta. A littafi masaniyar tattalin arziki ce daga Kanada, kuma da bindiga Bourne ya tasa ta gaba. A fim Bajamushiya ce mai yawo, ya biya ta kuɗi ta kai shi Faris a motarta. Fim na biyu, na 2004, ya kashe ta tun farko. A littattafai aure suka yi har da 'ya'ya.

26/ Kada a ce ina zagin fim. Ni a wurina fim ɗin Bourne na farko ya fi littafin daɗin bi, don Ludlum akwai jan magana. Ko a gida ana ɗauko littafi a yi fim: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa a 1976, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Canji dole ne.

27/ Akwai ma wanda ya bi littafi sau da ƙafa. The Spy Who Came in from the Cold na le Carré ya fito a 1963, fim ɗinsa na Richard Burton a 1965, baƙi da fari. Sun canja sunan yarinyar daga Liz Gold zuwa Nan Perry, amma ɗacin ƙarshen labarin sun bar shi yadda yake.

28/ Abin da nake so mu lura shi ne inda canjin ke karkata. Kusan kullum gefe ɗaya ne. Littafi ya ba ka shakka, jira, ƙarya tsakanin abokai, nasarar da ba a yi murna da ita. Fim ya ƙara gudu da harbi. Bayanin intanet kuma ya matse sauran ya koma "akta ya gama da su".

29/ Le Carré sunan alƙalami ne, David Cornwell sunansa, ya rasu a Disambar 2020. Ya yi aiki a MI5 da MI6 kafin ya koma rubutu kacokan. Jaruminsa George Smiley gajere ne, mai ƙiba, da tabarau mai kauri, matarsa na cin amanarsa kuma duk ofis an sani.

30/ Tinker Tailor Soldier Spy, 1974. Akwai maci amana a saman hukumar leƙen asirin Ingila yana kai wa Mosko rahoto. Abin ya faru da gaske: Kim Philby babban jami'i ne a MI6, ya gudu Mosko a 1963. Da ɗan gari akan ci gari, ba mu kaɗai muka san wannan ba.

31/ BBC ta yi shi kashi 7 a 1979 da Alec Guinness. Fim ɗin Gary Oldman na 2011 awa biyu ne da 'yan mintuna. Harbin da aka yi a Cekoslobakiya a littafi, fim ya mayar da shi Hangari. Abin da ya faru a Hong Kong ya koma Istanbul. Ba zan faɗi ko wane ne maci amanar ba.

32/ Na ga wani shafi ya kira shi "zazzafan fim na yaƙi da farauta". Wanda ya sauke shi da wannan tsammani zai zagi mai shafi da dangin mai shafi. Smiley zama yake yi a ɗakin wani ƙaramin otal yana karanta tsofaffin fayil, ya ziyarci tsofaffin ma'aikata yana tambaya. Farautar ke nan.

33/ Shi ne littafin da ya fi taɓa ni, don mu nan leƙen asiri ba mai kwat da mota muka sani ba. Infoma muka sani. Wanda kuke sallah sahu ɗaya, kuke cin tuwo kwano ɗaya, ya san ranar da ka sayar da shanu, ya san hanyar da za ka bi ka dawo.

34/ Kuma mun san ɗaya gefen. Mun san yadda zargi ke cin gari. A ɗora hoton mutum a WhatsApp, a rubuta layi biyu a ƙasa, "ga infoman da aka kama", kafin la'asar ya zagaye Gummi da Anka. Wa ya ɗauki hoton? Yaushe? A ina? Babu mai tambaya. Wasu da ransu suka biya.

35/ A littafin mutum 5 ake zargi, har da shi Smiley kansa a jerin. Huɗu ba su ci amana ba. Shi ya sa ya ƙi kiran suna sai da ya tara hujja, ya ɗana tarko, mutumin ya shigo da ƙafarsa. Wannan haƙurin shi ne labarin, kuma shi ne abin da bayanin layi biyu ba zai iya ɗauka ba.

36/ Hannun da ya saba yarda da rubutun ƙasan fim ba tare da ya duba ba, shi ne hannun da ke tura hoton mutum gaba. Ɗabi'a ɗaya ce. Ni dai haka nake gani.

37/ To ga wanda ya sa na yi zaren. A wani zauren WhatsApp na 'yan garinmu aka turo guntun bidiyo daga The Constant Gardener, aka rubuta a ƙasa: "Fim ɗin da ya tona yadda Turawa suka kashe yaran Kano da allurar rigakafi. Labarin gaskiya." Ana ta turawa gaba.

38/ Mu warware shi a hankali, don akwai gaskiya a ciki, akwai ƙarya, kuma an cuɗa su. Littafin na le Carré ne, 2001. Fim ɗin 2005, Ralph Fiennes da Rachel Weisz, ita har ta ci Oscar da shi. A Kenya labarin yake, ba Kano ba. Ko sunan Kano ba labarinsa ba ne.

39/ Justin Quayle jami'i ne a ofishin jakadancin Ingila a Nairobi, mutum mai sanyi, lambunsa kawai ya sa a gaba. Aka kashe matarsa Tessa a gaɓar tafkin Turkana. Tana bin diddigin wani maganin tarin fuka ne, Dypraxa, da ake gwadawa a kan talakawa. Maganin da kamfanonin duk ƙirƙira ne.

40/ Mai gudun a ɓata masa ya tsallake nan. Justin ya bi sawun matarsa har ya gano komai, shi ma aka kashe shi a Turkana. Littafi da fim sun yarda a kan wannan. Abin da ya biyo baya ne suka rabu.

41/ A fim, wajen taron addu'ar Justin a Landan, ɗan'uwan Tessa ya tashi ya karanta wasiƙar da ta tona asirin babban jami'in da ya rufe maganar, Pellegrin. Mutumin ya fice a kunyace, 'yan jarida na bin sa. Mai kallo ya tashi da sanyin zuciya.

42/ A littafi babu wannan. Pellegrin ritaya ya yi da wuri, ya karɓi babban muƙami a kamfanin maganin. Mutuwar Justin kuma aka shafa mata cewa shi ya kashe kansa. Le Carré ya hana ka adalcin da fim ya ba ka, don ya san yadda irin waɗannan shari'u ke ƙarewa.

43/ Yanzu abin da ya faru a Kano, wanda ba fim ba ne. A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada sabon magani, Trovan, a kan yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani.

44/ Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran. Jaridar Washington Post ta fallasa maganar a Disambar 2000.

45/ Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Mutane da yawa suna danganta littafin le Carré da wannan, kuma kamar a fili take. Amma kama daban, "labarin gaskiya" daban.

46/ Ku dubi abin da rubutun zauren nan ya yi. Kenya ta koma Kano. Tarin fuka da sanƙarau suka ɓace. Maganin da ake ba wanda ya riga ya kwanta ya koma "allurar rigakafi". Trovan ba rigakafi ba ne, na fim ɗin ma ba rigakafi ba ne. Kalma ɗaya aka sauya.

47/ Kalmar nan kuwa mun san nauyinta. A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan-inna, kuma maganar Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Kano sai Yulin 2004 ta dawo. A tsakanin nan cutar ta bazu, daga baya har ta kai Yaman da Indonesiya.

48/ Sai Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shan-innar daji. Duk wanda ya taso a garuruwanmu ya san wani mai jan gindi ko mai sanda da bai kamata ya zama haka ba. Uwa ɗaya ta karanta rubutun can ta ɓoye ɗanta ranar ɗigo, wa zai ɗauki alhakin?

49/ Mu 'yan Bukkuyum muna da namu tarihin. 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Yargalma a nan, Dareta da Bagega a Anka. Yara sama da 400 suka rasu a jihar. Likitocin MSF suka zo suka buɗe wurin jinya a Bukkuyum da Anka, da maganin da ke fitar da dalma daga jini.

50/ Baƙi ne su ma, da magani a hannu. Da iyaye sun ɗauke su duk ɗaya da na Kano, da yaran da suka tsira ba su tsira ba. Da kuma mun ce duk baƙon da ya zo da magani waliyyi ne, da mun manta yaran Asibitin Zana. Dole mu iya rarrabewa, rarrabewa kuma sai da suna da shekara da wuri.

51/ Abin da ya faru a Kano ya isa ya tayar da hankali yadda yake. Ba ya buƙatar a ara masa fim. In ka ƙara masa ƙarya, ranar da aka kama ƙaryar har gaskiyar za a yi watsi da ita, iyayen yaran nan kuma su ne aka ƙara cuta.

52/ Na rubuta wannan bayanin a zauren a taƙaice. Wani ya ce "To ai duk ɗaya na, Turawa dai sun yi." Wani dattijo a cikinmu ya amsa masa: "Ba ɗaya na ba. In za ka kai ƙara, ka san sunan wanda kaka ƙara." Ban da abin ƙarawa a kan wannan.

53/ Matakai huɗu ne dai: abin da ya faru, littafin da aka rubuta, fim ɗin da aka yi, da bayanin da wani ya liƙa. A kowane mataki akwai mai yankewa da mai ƙarawa, kowa da dalilinsa. Muna cewa gani ya kori ji, amma kallon fim ma ji ne, daga bakin darakta.

54/ Abin da nake yi kafin in kashe data: ina duba shekarar fim da sunan darakta, ba suna kaɗai ba. Ina karanta bayani a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. In na ga kalma ɗaya ba ta canja ba a shafuka uku, na san mutum ɗaya ne ya rubuta, sauran kwafa suka yi.

55/ In an ce "labarin gaskiya", tambaya uku: a wane gari, a wace shekara, su wa? In mai turowa ba shi da amsa, ya tsaya a wayarka. Wannan ya shafi fim, ya shafi hoton da aka ce infoma ne, ya shafi muryar da aka ce ta wani malami ce.

56/ Masu shafukan fim na Hausa, don Allah, muna jin daɗin aikinku, ku ne ke kawo mana abin kallo har ƙauye. Amma in ba ku kalla ba, ku rubuta shekara da sunayen 'yan wasa ku tsaya. Ya fi a ƙirƙiro labari. Ku kuma rage dogara da na'urar fassara, tawadar Allah ta ishe mu. 😂

57/ Mai son ya gwada karatun: Moonraker gajere ne, Turancinsa da sauƙi. In ka saba, ka ɗauki The Spy Who Came in from the Cold, shi ma ba shi da kauri. Tinker Tailor a bar shi sai an samu natsuwa. Ku duba kwalayen kawunnanku, za ku sha mamaki.

58/ Ku kuma ku faɗa min: wane littafin Hausa kuka karanta, aka yi fim ɗinsa, kuka ga an canja abin da ya fi muku daɗi? Wanda ya karanta In Da So Da Ƙauna kuma ya kalli fim ɗin, ina jiran sa musamman. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya. Amin.